Sa'a ko Gwaninta: Yadda Ake Sake Awon Kyaututtuka a Wasannin Tseren Mota

Ranar 17 ga Maris, 2022, masu wasan Gran Turismo 7 a sassan duniya suka kunna na'urorinsu na PlayStation, suka tarar ƙofa a rufe. Wasan bai cika mako biyu da fitowa ba. Kamfanin Polyphony Digital na birnin Tokiyo ya saki wata kwaskwarima mai lamba 1.07, aka gano tana da matsala, sai aka dakatar da manyan kwamfutocin da wasan ya dogara da su. Da yake kusan komai na wasan sai da intanet yake tafiya, mutanen da suka biya har dala 70 suka shafe sama da awa 30 ba su iya taɓa motocin da suka tara ba.

Da aka buɗe kuma, abin da suka tarar ya fi rufewar ɓata musu rai. An zaftare ladan tsere da dama. Wata gasar hanyar ƙura mai suna Fisherman's Ranch, wadda jama'a suka mayar wurin tara kuɗi, ta sauko daga kiredit 65,000 zuwa 30,000. Da kiredit ake sayen mota a cikin wasan, kuma akwai motocin da farashinsu ya kai miliyan 20. A gefe guda kamfanin yana sayar da kiredit miliyan 2 a kan dala 19.99 na kuɗin gaske. Lissafin ba ya buƙatar malami: mota guda ta miliyan 20 za ta ci kusan dala 200, kusan ninki uku na kuɗin wasan kansa. 'Yan wasa suka yi wa kamfanin ca. Shugabansa, Kazunori Yamauchi, ya fara da bayanin cewa yana son farashin motocin ya nuna darajarsu ta zahiri, kuma ba ya son mutane su riƙa maimaita tsere ɗaya kamar inji. Bayanin bai kwantar da ƙura ba. Mako guda bayan haka ya fito ya ba da haƙuri, aka raba wa kowa kiredit miliyan 1, sannan a watan Afrilu aka ɗaga ladan gasanni da yawa, aka kuma faɗaɗa iyakar kuɗin da mutum zai iya tarawa daga miliyan 20 zuwa miliyan 100.

Wannan rigimar ta lada ce tsagwaronta. Amma a ƙarƙashinta akwai wata da ta daɗe ba ta mutu ba, ita ce ta tikitin ƙuri'a.

A Gran Turismo 7, duk ranar da mutum ya yi tuƙin kilomita 42.195, wato tsawon gudun fanfalaki, ana ba shi tikiti. Tikitocin suna da daraja daga tauraro ɗaya zuwa shida. Idan aka buɗe, sai kyaututtuka biyar su bayyana a allo: ga ɗan tsibin kuɗi, ga babban tsibi, ga kayan gyaran mota, wataƙila ga sabuwar mota fil tana ƙyalli. Haske ya riƙa zagayawa a kansu, ya rage gudu, ya tsaya. Ƙorafin da aka fi ji shi ne yawanci a kan mafi ƙanƙanta yake tsayawa. Ido yana ganin abu biyar, zuciya ta ɗauka kowanne yana da kashi ɗaya cikin biyar, alhali nauyin da aka ba su ba ɗaya ba ne.

Da a ce kyautar nishaɗi ce kawai, da abin bai kai haka zafi ba, domin ba a sayar da tikitin da kuɗin gaske. Matsalar ita ce an kulle wasu muhimman abubuwa a bayansa. Mai son canza wa motarsa inji, ya cire nata ya dasa wani mai ƙarfi, ba shi da wata hanya sai ƙuri'a ta faɗo masa da injin. Ko ya fi kowa iya tuƙi, ko yana da miliyoyi a aljihu, sai dai ya jira. Sai a watan Mayun 2023, bayan sama da shekara guda, kwaskwarima ta 1.34 ta ba wanda ya kai mataki na 50 na tara motoci damar shiga gareji ya biya kiredit a canza masa inji. Ƙuri'ar tana nan har yanzu, amma ta daina zama ƙofa ɗaya tilo.

A nan asalin maganar take. Kowa ya san gyara a kasuwa: mai awo ya cika mudu, sannan ya ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa a kai. Mai saye yana murna da gyara ne saboda ya riga ya karɓi awonsa cikakke. Ranar da aka ce awon kansa ya koma ƙuri'a, yau mudu gobe rabi, kasuwar ta tashi. Yawancin rigingimun kyaututtuka a wasannin tsere sun taso ne daga inda kamfani ya ɗauki abin da ɗan wasa yake ganin haƙƙinsa ne, ya jefa shi cikin sa'a.

To yaya abin yake aiki a ciki? A bayan kowace ƙuri'a akwai jadawali da masu tsara wasa suka rubuta, kowace kyauta da nauyinta. A ɗauka misali an ba wata mota kashi 1 cikin 100. Mutane da yawa suna zaton wanda ya gwada sau 100 dole ya samu. Lissafi ya ce a'a. Kowane gwaji zaman kansa yake yi, bai san an yi wani kafinsa ba. Cikin mutum 100 da kowannensu ya gwada sau 100, kimanin 37 za su tashi hannu wofi. Idan 'yan wasan sun kai miliyan, kusan 366,000 ke nan. Ko an kai gwaji 300, akwai sauran kimanin 49,000 da ba su ga motar ba. Mai tsara wasa da ya dubi matsakaicin adadi kaɗai zai ga komai daidai, alhali akwai dubban mutane a can ƙarshen layi da suka yi duk abin da aka ce su yi, ba su samu komai ba. Su ne masu ƙorafi, kuma gaskiya suke da ita.

Dalilin da ya sa kamfanoni ba sa son rabuwa da tsarin sananne ne. Tun a shekarun 1950 masanin halayya na Amurka B. F. Skinner da abokin aikinsa Charles Ferster suka yi gwaje-gwaje da tattabaru a Jami'ar Harvard, suka wallafa sakamakon a 1957. Sun ga cewa tsuntsun da ake ba hatsi a lokacin da bai iya hasashe ba yakan dage da saran maɓalli, kuma yakan daɗe bai daina ba ko bayan hatsin ya yanke. Ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi riƙe mai nema. Injinan caca a kan wannan suke tafiya, haka kuma hasken nan da ke rage gudu dab da babbar kyauta kafin ya wuce ta.

Sai dai ba kowace sa'a ce abin zargi ba, kuma Nintendo ya nuna haka tun 1992 da Super Mario Kart. A jerin wasannin Mario Kart, direba yana bi ta kan akwati a tsakiyar hanya ya samu makami ko taimako, bai san me zai fito ba. Amma jadawalin ba makaho ba ne. Na gaba yakan samu ɓawon ayaba ko tsabar kuɗi, na baya kuwa yakan samu tauraro, ko walƙiya da ke ƙanƙantar da kowa, ko harsashin da ke ɗaukarsa ya wuce jama'a. A Mario Kart 64 na 1996 aka shigo da shuɗin ƙoƙon kunkuru, makamin da ke neman na ɗaya duk inda yake. Babu abin da ya sha tsinuwa a tarihin wasan kamarsa.

Abin lura shi ne Nintendo bai taɓa daina taɓa wannan awo ba. Ƙoƙon ya yi fukafukai daga 2003, yana tashi sama kai tsaye zuwa kan na gaba. A Mario Kart 7 na 2011 aka cire fukafukan, ya koma bin ƙasa yana bugun na tsakiya a hanyarsa. A Mario Kart 8 na 2014 aka yi canje-canje biyu masu nauyi. Na farko, aka ƙirƙiro wani ƙaho mai ƙara da zai iya tarwatsa ƙoƙon, wato an ba na gaba abin kare kansa idan ya yi dabarar ajiye shi. Na biyu, rabon makamai ya koma duba tazarar da ke tsakanin mutum da na ɗaya, maimakon lambar matsayinsa kawai. Wanda yake na takwas amma yana dab da gungun gaba ba ya buƙatar taimako irin na wanda aka bari can nesa. A Disambar 2022 kuma aka ba masu Mario Kart 8 Deluxe damar zaɓar makaman da suke so a tserensu, su kashe waɗanda ba sa so. Furodusan wasan, Kosuke Yabuki, ya taɓa bayyana cewa sun gwada cire shuɗin ƙoƙon, suka ji wasan ya rasa wani abu.

Me ya sa aka yafe wa wannan sa'ar? Tseren minti uku ne, kowa ya san dokar kafin a tashi, ba wanda ya biya kuɗi don akwatinsa ya fi na wani, kuma da an gama an share allo. Tana sa ƙaramin yaro ya iya doke yayansa wani lokaci, har su yarda su sake zama tare gobe. Mario Kart 8 Deluxe ya sayar da kwafi sama da miliyan 60, kuma wannan sauƙin shiga yana cikin dalilan.

Shekarar 2017 ce aka ga ɗaya fuskar a fili. A watan Nuwamba kamfanin Electronic Arts ya fitar da Need for Speed Payback, wanda Ghost Games na ƙasar Suwidin ya ƙera. A wasannin tsere na da, mai son ƙara wa motarsa gudu yakan je shago ya sayi abin da yake so. A Payback an mayar da kayan gyaran katuna. Ka ci tsere, a ajiye maka kati uku a kife, ka zaɓi ɗaya. Shagunan gyara suna sauya kayansu ne bayan kowane minti 30, kuma abin da ya fito shi ya fito. Akwai ma wata na'ura mai juyawa kamar ta gidan caca, inda ake zuba tsofaffin katuna a nemi sabo. Ga kuma akwatunan kaya da ake iya saye da kuɗin gaske. Mako guda bayan fitowarsa, wani wasan kamfanin, Star Wars Battlefront II, ya jawo surutun da ya kai har kunnen 'yan majalisa a ƙasashe da dama. Ba shiri aka shiga gyaran Payback: aka ƙara ladan gasanni, aka rage jiran shago daga minti 30 zuwa 10. Wannan ya rage raɗaɗi, amma bai taɓa tushen ba, domin direba har yanzu ba ya iya cewa ga abin da nake so, ga kuɗina. Da Need for Speed Heat ya fito a 2019, babu katunan, babu akwatunan. An koma sayen kaya kai tsaye.

Forza Motorsport 7 na kamfanin Turn 10, wanda ke ƙarƙashin Microsoft, shi ma a Oktoban 2017 ya fito da akwatunan kyauta. Da kuɗin cikin wasa ake sayensu, ba a taɓa sayar da su da dala ba, amma duk da haka mutane ba su karɓe su ba, musamman da aka ɓoye wasu motoci a ciki. A Yulin 2018 shugaban kamfanin, Alan Hartman, ya sanar da cewa za a cire su gaba ɗaya. Aka fara da fitar da motoci daga cikinsu, aka buɗe sama da 100 da ke kulle. Sauran aikin ya ɗauki watanni, domin akwatunan sun sarƙe da sassa da yawa na wasan. A ƙarshen shekarar aka maye gurbinsu da shago, inda mutum ke ganin kaya da farashi ya zaɓa.

Akwai kuma matsalar da ke zuwa ta ɗaya gefen, wato yawan kyauta. Forza Horizon 5, wanda Playground Games na Ingila ya fitar a Nuwamban 2021, yana rabon ƙuri'a kamar ba gobe. Cikin kwanakin farko 'yan wasa suka gano cewa wata tsohuwar jif ta soja, Willys MB, da ake sayarwa kiredit 40,000, tana ɗauke da babbar ƙuri'a mai kyauta uku da ake buɗewa da 'yan makin gwaninta kaɗan. Abin da ke fitowa yakan fi kuɗin motar. Sai aka shiga saye, a buɗe ƙuri'ar, a kyautar da jif ɗin ga baƙi, a sake sayen wata. Rumbunan kyauta na wasan suka cika da jif, wasu suka tara miliyoyi ba tare da sun yi wani tseren kirki ba. Kamfanin ya toshe hanyar cikin 'yan kwanaki. Wannan gyaran yana da hujja: wasan yana da kasuwar gwanjo inda 'yan wasa ke ciniki da juna, kuma idan kuɗi suka yi ambaliya, wanda ya bi hanyar gaskiya shi zai kasa sayen komai.

Saboda haka aikin sake awo ba ƙara kyauta kawai ba ne. Masu tsara wasa suna duba yawan kuɗin da ke shiga hannun 'yan wasa a awa guda, da yawan da ke fita ta saye da gyara, da tsawon lokacin da mutum zai ɗauka kafin ya kai ga abin da yake buri. Suna da dabaru sanannu. Akan sa iyaka, a ce wanda ya gwada sau kaza bai dace ba dole a ba shi, don a ceto mutanen nan na ƙarshen layi. Akan hana maimaici, ko a ba mutum damar sayar da motar da ya riga ya mallaka. Akan cire tarkacen da ba mai so daga jadawali. Mafi inganci a cikinsu, kamar yadda Gran Turismo da Forza suka gano a makare, shi ne a buɗe hanya ta biyu mai farashi bayyananne. Akwai kuma darasin lokaci: rage lada bayan mutane sun saba ya fi zafi nesa ba kusa ba a kan farawa da kaɗan a ƙara daga baya.

Inda abin ya tashi daga batun nishaɗi shi ne inda kuɗin gaske ya shiga. Nintendo ɗin da ya iya awon sa'a a cikin tsere, shi ne kuma ya fitar da Mario Kart Tour a wayoyi a Satumbar 2019, da wani bututu da ake harbawa da duwatsun yaƙutu, waɗanda ake iya saye da kuɗi, direba ko mota ta fito bisa ƙuri'a. Shekara uku ana haka. A Oktoban 2022 aka cire bututun na kuɗi, aka sa shago a madadinsa.

Hukumomi ma ba su zauna ba. Tun 2012 Japan ta hana wani nau'in ƙuri'a da ke tilasta wa mutum haɗa jerin kyaututtuka kafin ya samu babbar. Daga Mayun 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana kason samun kowace kyauta. Apple ya sa irin wannan sharaɗi a kantinsa na manhajoji a Disambar 2017, Google ya bi sahu a 2019. Beljiyam ce ta fi tsanantawa: a Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne, ta kuma ambaci FIFA 18 cikin wasannin da suka saɓa doka. A farkon 2019 Electronic Arts ya daina sayar da makin FIFA, wanda ake sayen akwatunan da shi, a ƙasar, Mario Kart Tour kuwa da ya fito ba a ma sake shi a can ba.

Bayyana kaso ci gaba ne, amma bai isa ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya ga an rubuta kashi 1 cikin 100 ba zai yi lissafin mutum 37 ɗin nan ba. Abin da zai gani shi ne motar da ta wuce ta gabansa saura ƙiris.

Wannan magana ba ta Tokiyo da Turai kaɗai ba ce. A Kano, Kaduna, Maraɗi da Damagaram, matasa da yawa a waya suke tseren mota, kuma wasannin da ake saukewa kyauta, irin su Asphalt na kamfanin Gameloft na Faransa, da katunan sa'a ake buɗe motocinsu. Wasan da aka ba ka kyauta dole ya nemi kuɗinsa ta wata hanya, kuma sau da yawa ta nan yake nema. Al'ummar da ta san hukuncin caca a addininta, ta kuma san yadda take cinye gida, ya kamata ta gane ta ko da ta zo da fentin motar tsere. Ƙuri'ar da aka ba ka bayan ka ci tsere daban take da wadda ka zuba kuɗi ba ka san abin da za ka karɓa ba.

Mai karatu da ke da yara ko ƙanne masu wasa a waya, ya zauna da su ya dubi shagon cikin wasan. Ya duba ko ana sayar da akwati ko katin da ba a san abin da ke ciki ba, ya nemi inda aka rubuta kason samu, su yi lissafin tare. Sannan ya shiga saitin Google Play ko na App Store ya kunna neman kalmar sirri kafin kowane saye, kuma kada ya bar katin bankinsa a maƙale a wayar da yaro ke riƙewa.